Ni na ɗauko ta daga Kumasi

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karanta wannan shafi. Jaridarku takan iso mana Matameye a hannun direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, masu zuwa daga Kano, ni kuwa awon gyaɗa nake yi a wani kanti, a nan na tsinci boko. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda fataucin goro ya kai Kumasi tun ina goye, ya zauna a zangon Hausawa ya yi iyali. 'Yarsa ta fari, bari in kira ta Rabi, can aka haife ta, ta girma har tana riƙe da rumfar atamfa tare da uwarta. Bana da aka gama cinikin gyaɗa Baffa ya aiko in je. Da na isa ya ja ni turakarsa ya ce, "Yarinyar nan ta maƙale wa wani tela Bamoshe, ba ma ƙabilarmu ba. Musulmi ne, ban musa ba, amma wa ya san asalinsa? Jinina ba zai narke a Kurmi ba. Na ba ka ita. Sai dai in ta ji zancen auren, ba za ta taka mota ba, ka ce mata Iya ce kwance, tana son ganin jikarta kafin ta cika." Iya kakarmu ce, kuma na baro ta garau tana kaɗi tana faɗa da kaji. Da zan so in ce muku kunyar Baffa ce ta rufe mini baki, amma ƙarya ta ishe ni haka. Rabi ce ta kawo mini ruwa, na ɗaga kai na gan ta, na so ta, shi ke nan.

Muka biyo mota har Ikko. A jirgin ƙasa daga can zuwa Kano ta sake da ni, komai Yaya, komai Yaya. Ta ɓare mini lemo, ta yi wa Hausata dariya, sannan ta rage murya ta ba ni labarin telan nan, har ta ce, "Yaya, kai Baba yana jin maganarka, in mun dawo ka sa baki." Na ce to. Wane irin mutum ne zai ce to a wurin nan? Da muka iso ta tarar da Iya lafiya lau, sai ta yi murna, wai Allah ya karɓi addu'arta.

Ba a jima ba tsofaffi suka yi mata kamu, suka yayyafa mata turare suka lulluɓe ta. Ta ƙwalla ihu, ta yi birgima, ta kira uwarta har muryarta ta dushe. Kun san a wurinmu amaryar da ba ta yi kuka ba ita ce abin zunɗe, don haka mata suka rangaɗa guɗa. Ina daga zaure na ji gwaggonmu tana cewa, "Kai, madalla! A Kurmi ta tashi amma ta fi 'yan gida iya kukan aure." Duk gidan ni kaɗai na san abin da nake ji. Washegari ta sulale ta same ni a bakin sikeli, da lalle a ƙafarta, ta ce, "Yaya, wai kai ne angon. Na ce musu ƙarya suke, kai ba za ka yi mini haka ba." Na sunkuyar da kai ina gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya.

An ɗaura, an kawo ta. Wallahi har yau ban kusance ta ba. Tana shara, tana tuƙa tuwo, ta durƙusa ta ajiye, amma ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya, mata kuwa suna cewa amarci ne da baƙunta. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce macen da aka saka kafin a san ta ba ta da idda, tana iya aure nan take. Fataken goro za su koma kudu kafin ruwa ya ɓata hanya, kuma akwai dattijuwa cikinsu da zan iya damƙa mata ita. Amma da na ɗan taɓa wa mahaifina zancen, cewa ya yi in na kunyata shi gaban ƙanensa ba shi ba ni. Baffan ma wa ya sani ko zai buɗe mata ƙofa? Abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu ina son ta.

Shekaranjiya na ce mata, "Rabi, ki ci abinci." Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "In ka sake ni zan yafe maka. In ka riƙe ni zan yi maka tuwo har in mutu, ba za ka taɓa jin na ɗaga maka murya ba. Zaɓi naka ne, ni ba a taɓa ba ni ba."

Jama'a, fataken sun fara ɗaure kaya. Ni me zan yi?