Maman Aku Tana Cikin Masu Jira

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya fama da farfesan naki? Na rubuto ne maimakon in kira, don shirun gidan nan ya yi yawa, ko raɗa na yi a waya Maman Aku tana ji.

Kin san tun rasuwar Aku matar nan ba ta dawo daidai ba. Yarinyar da muka laƙaba wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ita ce ta tafi ta bar mu muna kallon juna. Uwarta wuni take a gefen ɗan gadon da na ƙera wa yarinyar, hannunta a kan katifa. Abinci sai na tsaya a kanta. Da, in na dawo daga shago da garin katako a gashina, ita ce mai yi mini tsiya tana kakkaɓe ni. Yanzu ko bishiya na shigo da ita a ka ba za ta ɗago ido ba.

Ke kika ce in kai ta asibitin da ake binciken naki, inda ake tara matan da suka rasa 'ya'ya su zauna su yi magana da mai ba da shawara. Na kai ta, da ƙyar. Ta amsa tambayoyi shafi-shafi, ta sa hannu. Jiya nas ta gaya mana wai an raba matan gida biyu, wasu za su fara zama yanzu, wasu sai bayan wata shida, kuma Maman Aku tana cikin masu jira.

Auta, wata shida fa. Binciken nan naki ne. Ki ɗaga waya ki ce a mayar da ita cikin masu farawa. Wallahi tsoro nake ji kada in rasa ta ita ma.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka, na gaida Anti, Allah ya ƙara mana haƙuri baki ɗaya. Wasiƙarka ta same ni a ofis, sai da na rufe ƙofa kafin na iya ƙarasa ta.

Ba zan iya ba, Yaya. Ka daure ka karanta dalilin kafin ka yaga takardar.

Ba ni na raba su ba. Kwamfuta ce ta yi ƙuri'a, kuma ni a nan jami'a lambobi kawai nake gani, ba a nuna mini suna ko ɗaya. Da gangan aka tsara haka. In aka bar mu mu zaɓa, za mu cusa waɗanda muke tausayi da waɗanda ke da wani a sama. To in sun samu sauƙi, me ya ba su? Zaman ne, ko miji irinka mai tsayawa a kansu su ci abinci, ko kuwa lokaci ne kawai? Wasu baƙin cikinsu yana raguwa da kansa. Masu jira su ne za su nuna mana iya abin da lokaci ke yi shi kaɗai, abin da ya ɗoru a kai shi ne aikin zaman.

Hukumar asibitin ta ce in ta ga bambanci a fili za ta buɗe ɗakin zaman dindindin, da ma'aikatansa, duk uwar da ta zo ta shiga ba jira. In na taɓa ƙuri'ar saboda Anti, babu wanda zai yarda da sakamakon, kuma gaskiyarsu.

Amma ba ɗaure ta aka yi ba. Tana iya fita daga binciken yau, ka kai ta wajen likita a waje, ba mai ganin laifinta. In kuma ta daina cin abinci sam, ko ta fara maganar bin Aku, ka kai ta a ranar, wannan ba ruwansa da ƙuri'a.

Ni na goya Aku kafin ta iya zama. Kada ka ɗauka wannan ya zo mini da sauƙi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna nan.

Na karanta, kuma na gane, kada ki ce kafinta bai gane ba. Ni ma in zan gwada sabon fenti nakan shafa wa katako ɗaya, in bar ɗaya tsirara a rana in gani. Amma katako ba ya kuka.

Na gaya mata ta fita, na ce gobe mu tafi wajen likita. Ta ƙi. Tun rasuwar yarinyar nan ba ta yi mini doguwar magana irin ta ranar ba. Ta ce, “Nas ta ce in babu mu masu jira ba za a san ko abin yana aiki ba. Ka bar ni in jira, Baban Aku. Ko ba komai wannan baƙin cikin nawa ya yi wa wata amfani.” Tana gamawa ta koma gefen gadon.

To kin samu katakonki. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Kada ki rubuto sai na huce.

Yayanki

*

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Na san na daɗe da yin shiru, ki yafe wa yayanki, kin san kan nan nawa katako ne.

Albishirinki! Shekaranjiya Maman Aku ta zo shago da ƙafarta. Ina cikin goge murfin wani kabad sai na ji an ce, “Waɗannan ƙusoshin da ka watsar a ƙasa, jira kake su huda wani?” Na juyo na gan ta tsaye da tsintsiya. Auta, na ajiye abin gugar na fita bayan shago na yi kuka kamar yaro.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Kin san duk wata sukan je amsa tambayoyin nan, masu zama da masu jira, rana ɗaya, a kan dogon bencin da ke barandar asibitin. A nan ta haɗu da wata mai ɗinki da ke cikin masu zama, ita ɗanta namiji ta rasa. Matar ta dube ta kawai ta ce, “Ina ne gidanku?” Tun daga nan, da an tashi daga zama, ko gida ba ta zuwa sai ta biyo ta nan. Duk abin da aka koya musu sai ta juye wa Maman Aku, ɗumi-ɗumi. Yadda ake jan numfashi in ƙirji ya toshe. Yadda ake kiran sunan yaro da baki a ba da labarinsa. Ranar da na ji su suna dariyar yadda Aku ke yi wa kaji wa'azi, tsayawa na yi a bakin ƙofa na kasa shiga. Satin da ya wuce su biyu suka naɗe katifar, suka ce in kai gadon shago.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Mai ɗinkin ta ce tun zama na biyu suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce ba za su iya shan magani 'yan'uwansu na kallo ba. Kowace ta ɗauki mace ɗaya daga masu jira, wata ma biyu. Ba su gaya wa nas ba don kada a ce sun yi shisshigi.

Kin ga abin naki yana aiki, har ya kai inda ba ki aike shi ba! Ki gaya wa farfesa ya fara shirin buɗe ɗakin. Maman Aku tana gaishe ki, ta ce ita dai ba ta fasa jira ba, ko wata ɗaya ba ta tsallake tambayoyin ba.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na daɗe ban yi farin ciki irin na yau ba.

Na kai wa farfesa maganar da safe, dole ne. Tun watan jiya muke mamakin yadda lambobin ɓangarorin biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Yanzu mun san dalili: babu masu jira, kowa ya sha maganin. Babu bambancin da za mu nuna wa hukuma, don haka ba za a buɗe ɗakin bana ba. Sai an sake daga farko, a wani asibitin, da wasu matan. Ni na tsara su zo rana ɗaya don in rage musu wahalar hanya. Na lissafa komai ban lissafa benci ba.

Ban san me ya tayar da Anti ba, zaman ne, ko ƙafar mai ɗinki, ko lokaci. Aikina ke nan in sani, kuma ba zan sani ba.

Ka gaida mai ɗinki, ka ce kada ta daina zuwa. Doka ta ce in an rufe bincike a gaya wa kowace mace abin da ya fito. Ina roƙonka kada ka riga ni, kada kuma ka bari nas ta gaya wa Anti. Zan zo da kaina ƙarshen wata in zauna a gabanta. Har yanzu ban san da wane baki zan fara ba.

Ƙanwarka,
Auta