Ruwan Buta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman birni? Baba da Inna suna lafiya, amma ba su san na rubuto ba. Direba na ba wa takardar. Da na kira ki, to wayar ta Baba ce, a gabansa ake magana, kuma kin san nauyin bakina.

Yaya, akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. Ruwan da na'urar awon ruwa ta bayan gidanmu ta ce an yi ranar Talata, sati biyu da suka wuce, ba daga sama ya sauko ba. Daga butata ya fito.

Baba ya tafi asibiti saboda bayansa. Na ga tantabaru sun ɓata mazurarin na'urar har ya toshe, na ce bari in wanke, in ya dawo ya ji daɗi. Ina zubawa sai na ji wani abu a ciki yana ƙas, ƙas. Na leƙa, ashe wasu 'yan ludaya biyu ne, wannan ya cika ya tuntsure, wancan ya karɓa. Butar farko ta wanki ce, wallahi. Sauran kuwa ƙarar ce ta yi mini daɗi. Na yi ta cikowa ina zubawa.

Ban san kowace ƙas tana tafiya ofishinku na hasashen yanayi ba. Ranar da Mai Tsani, injiniyan nan da ya kafa ta, yake gaya wa Baba da busasshen tsumma kawai ake gogewa, ina ɗaki na ɓuya don an yi baƙi.

Washegari saƙo ya shigo wayoyin manoma, wai damina ta kama a yankinmu. Mutanen bayan dutse sun samu ɗan yayyafi, suka ɗauka babban ruwan wajenmu ya sauka, suka zuba iri. Duk ya ƙone a rami. Jiya wata tsohuwa ta zo ƙofar gida, ta buɗe wa Baba tafin hannunta da busasshen tsiro a ciki, ta ce, "Malam mai ruwa, ga ruwanka." Ina bayan ƙyaure ina ji.

Ki gaya mini yadda zan yi. Ki gaida abokan aikinki.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na zauna, na sake karantawa. Wato ke da ba kya iya gaida baƙo, ke kika saukar da damina a yanki guda! Allah ya shirye ki.

Saurara. A ɗakin aikinmu akwai ƙaton allo, nahiyar nan gaba ɗaya a kai. Kullum muna kallon layin ruwa yana hawowa daga bakin teku kamar koren zane ana shimfiɗawa. Kowace na'ura ɗigo ɗaya ce a allon. A wasu wurare ɗigon sun yi cunkoso, amma a wajenmu namu ne kaɗai, sai an yi tafiyar yini kafin a ga wani. Shi ya sa aka yarda da shi haka.

Ki kama bakinki. Zan rubuta cewa na'urar ce ta rikice, suna yin haka. Mai Tsani zai zo ya taɓa nan ya taɓa can, magana ta mutu. Kada ki je kina yi wa Inna kuka a madafa, na san halinki. Ki ci abinci.

Ki gaida Baba, ki ce ya daina ɗaga buhu.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Maganar ba ta mutu ba.

Mai Tsani ya zo. Ya kwance murfin, ya gwada komai, ya ce lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi. Ya dubi Baba ya ce, "Dattijo, wannan hannu ne ya zuba. Mun sha gani, wani don a ce garinsu ya riga kowa, wani don neman suna. Ban zaci haka a gidan nan ba."

Kin san yadda Baba yake da na'urar nan. Shi ya yi mata shinge da hannunsa, shi yake korar awaki. Ko a kasuwa aka ce masa malam mai ruwa sai ya gyara hula. Na jira ya ce ba shi ba ne. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A gidana take, duk abin da ya same ta ni ne."

Ranar Asabar Mai Tsani zai dawo da ogansa su tumɓuke ta. Ya ce ba wani gida za a kai ta ba, wani yanki za a ba wa.

Da yamma ina shara, Baba ya wuce ta kusa da ni, bai ko dube ni ba, ya ce, "Auta, in kin gama da buta ki riƙa mayar da ita inda kika ɗauko. Ranar nan a gindin shinge na tsince ta." Ya shige ɗaki.

Yaya, ya sani. Tun ranar ya sani. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwarki, Auta.

*

Autata,

Ina gaisuwa. Yau ba ni da bakin tsokanar ki.

Tun da kin faɗi naki, ga nawa. Aikina shi ne in gwada abin da kowane ɗigo ya ce da hoton gajimare da tauraron ɗan'adam yake turo mana, kafin a saki saƙo. Ranar Talatar nan ni ce a teburin. Na ga ɗigonmu ya yi kore, na yi ta murna ina nuna wa mutane, "Ku duba, an yi ruwa a gidanmu!" Ban buɗe hoton ba. Da na buɗe daga baya, sama fes take, ko gajimare ɗaya babu. Da na ce ki yi shiru, ba ke kaɗai nake rufa wa asiri ba.

Sau biyu ina zuwa ƙofar shugabarmu ina dawowa. Har yanzu gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba. Ki bar mini, zan san abin yi. Ke yarinya ce, ba za ki iya tsayawa gaban mutanen nan ba.

Ki yafe mini.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na yafe, ke ma ki yafe mini. Naki yana wajenki, ba zan ambace shi ba.

Gaskiyarki, ba zan iya magana a gabansu ba. Na gwada a bayan ɗaki, awaki kawai ke wurin, amma muryata ta ƙi fita.

To ba sai na yi magana ba. Gobe Asabar. In sun zo ba zan shiga ɗaki ba. Zan wuce ta gabansu, in buɗe shingen, in zuba yadda na zuba ranar nan, su ji ƙas ɗin da kunnensu, su ga hannun da ya yi.

In kin ga ɗigonmu ya yi kore da hantsi, kada ki bari saƙo ya fita. Ni ce.

Na riga na cika butar, tana bayan ƙofa.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, Auta.