Rumasa'u Ta Ƙarasa Da Kanta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar da ba na fasa yi miki, na zo miki da labarin jikarki Rumasa'u. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ke kika fi kowa cancantar ji.

Kin san yadda ta zo duniya. Sai da ta shekara uku ta taka ƙasa, magana kuwa har yau da ƙyar take fita. Kin kuma san abin da nake yi a gidanmu na Kusfa: da na ji sallamar baƙi, sai in tura ta ɗaki. Ina cewa kare ta nake daga kallon mutane. Gaskiya, Inna, kunya nake ji.

Ke kuwa sai ki shiga ki fito da ita, ki ba ta kwanon sha ta kai wa baƙi. Ranar da ta zubar wa Hajiya Laraba ruwa a zane, na miƙe zan karɓe kwanon. Kika ce, "Ruwa ne fa, zai bushe. A ƙara mata ta sake kaiwa."

Bayan rasuwarki, wata rana aka yi sallama. Ban ce wa Rumasa'u komai ba, ta ajiye abincinta, ta shige ɗaki ta jawo labule. A wurina ta koyi haka. Na zauna a tsakar gida na yi kuka a gaban baƙuwar.

Daga ranar na sauya. Na daina ƙarasa mata magana, ina jira ko da shinkafa na ƙonewa a wuta. Na bar ta tana ɗaura ɗankwalinta, ko a karkace ne. Na kai ta Islamiyyar da ke wajen Ƙofar Jatau, wurin Malama Hauwa, mace mai haƙuri, wadda ta zaunar da ita a sahun gaba. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranakun da take dawowa da hawaye saboda yara sun kwaikwayi maganarta, ni ma in ji kamar in ce ta zauna gida. Gari na wayewa dai sai mu hau keke mu koma.

Asabar ɗin da ta wuce aka tara iyaye, yara suna karatu ɗaya bayan ɗaya. Aka kira Rumasa'u ta karanta Fatiha. Ta kai tsakiya, harshenta ya sarƙe. Wata mata ta tausaya, ta fara ja mata ayar. Inna, yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Ki bari, ni zan ƙarasa."

Ta daɗe, amma ta ƙarasa. Da aka ce amin, ta waiwayo tana nemana da ido, tana dariya. Na miƙe a gaban kowa na ce 'yata ce.

Inna tawa, na yi jinkirin ganewa, ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna. Ya ba Rumasa'u ƙarfin zuciya, ni kuma Ya ba ni haƙurin jiranta.

Taki har kullum,
Maryama