Sunanka a Sanarwar Jana'izar Mama

Saltpond, 4 ga Maris

Yaya Kobina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Araba da yara. Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Mama?

Ban sani ba ko za ka buɗe wannan, tunda shekara shida ke nan ba ka amsa wa kowa a gidan nan, tun ranar da kuka saɓa da Baba. Amma ina so ka ji abin da ya faru jiya.

Mun je shagon mai buga takardu karɓo sanarwar jana'iza, ni da Baba da Kawu Ebo. Ka san Baba, shekara talatin yana koyar da Turanci. Yana dubawa ya ce akwai kuskure. Sun rubuta "She survived by her husband", alhali "She is survived by" ake cewa.

Mai shagon ya ce, "Haba Ticha, a kan harafi biyu? Wa zai lura?"

Baba ya ce, "Yadda ka rubuta, cewa ka yi da ni ta rayu. Ba haka ba ne. Tafiya ta yi ta bar ni." Tun rasuwar ban ga hawayensa ba sai a shagon nan.

Da ya duba jerin 'ya'ya bai ga sunanka ba. Kawu ya ce shi ne ya sa aka cire, wai ko jinya ba ka zo ba. Baba ya ce, "Ebo, jimlar nan ba ta tambayar wanda ya kyauta. Duk wanda ta bari da rai take nufi. Kobina mutuwa ya yi?" Aka sake bugawa, sunanka a farko.

Ranar Asabar, 19 ga wata, za a binne ta. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Efua

Saltpond, 22 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa lafiya.

Mun binne Mama. Baba ya sa aka ajiye kujera kusa da tasa, ya hana kowa zama a kai, har da Kawu. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya miƙe ya leƙa.

Da yamma wani direba ya kawo katin ta'aziyyarka daga Takoradi. Baba ya karanta shi sau biyu, inda ka rubuta "With deepest sympathy", wato kana taya mu jimami matuƙa, ka sa hannu. Na tambaye shi ko akwai kuskure.

Ya ce, "Babu, Turancinsa daidai yake. Sai dai irin wannan magana, baƙo ne ke rubuta ta ga waɗanda aka yi wa rashi."

Tun ranar bai fito tsakar gida ba, kuma abincin da na kai masa haka nake ɗauko shi. Ni ba zan ƙara roƙonka ba, Yaya. Amma ka sani Mama uwarka ce kai ma.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Efua