Kafin Teku Ya Iso Wurin Mama

4 ga Maris

Ƙanwata Evanthia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya a Melbourne. Yaya gwiwar?

Bayan haka, majalisar garinmu ta gano abin da kowace tsohuwa a bakin gaɓa ta daɗe da sani: teku yana hawowa. Sun ɗauko wata injiniya, Fotini, ta ja jan layi a taswira. Za a gina katanga ta kare kasuwa da coci, da otal ɗin surukin ciyaman, wai dacewa ce kawai. Maƙabarta ta faɗo bayan layi. Na miƙe a taro ina kawo tarihin biranen da ruwa ya ci, ciyaman ya ce in zauna, malam, nan ba aji ba ne.

An ba mu zuwa ƙarshen Mayu kowa ya tono mamacinsa, a kai ƙasusuwa sabon ɗakin ajiya a kan tudu. Kin san 'ya mace ce ke wanke ƙasusuwan uwa da ruwan inabi. Rabona da ke tun ranar da muka binne Mama, shekara tara ke nan. Na shanya katifarki.

Yayanki,
Anestis

9 ga Mayu

Evanthia,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Iskar makon jiya ta turo ruwa har gindin gicciyen kabarin Mama. Kowa ya kwashe nasa. Saura ita da Kyriakos masunci, wanda ta yi shekara talatin ba ta gaishe shi ba. Kullum Fada Lefteris na cocinmu sai ya tambaye ni, in ce masa jirginki ne ya makara. Jiya ya ce ko da ƙafa jirgin yake tahowa.

Ki zo, don Allah. Ban iya roƙo ba, kin sani.

Anestis

1 ga Yuni

Ƙanwata,

Wasiƙarki ta iso, na yi murna kuna lafiya. Aiki, gwiwa, nisa: duk na fahimta.

Ni na wanke Mama. Stavroula maƙwabciyarmu ta tsaya a kaina tana mita, wai na riƙe uwata kamar littafin aro. Mama ba ta da nauyi ko kaɗan, Evanthia. Matar da muryarta ke kaiwa har tashar jiragen ruwa. Na samo mata wuri kusa da taga, inda ake hango teku. Fotini ta ce ruwa ba zai kai nan ba sai bayan shekara ɗari. Na ce madalla, wataƙila ƙanwata ta riga shi.

Na sami zobenta cikin ƙasa. Kin ce duk abin da aka samu in aiko miki ta gidan waya. Ba zan aiko ba. Yana cikin kofin da take shan kofi, a kan tagar ɗakinki. Katifar ma ban naɗe ba.

Ki gaida yara. Ki ce musu kawunsu mai taurin kai ne.

Yayanki mai kewarki,
Anestis