Gilashin Neman Fuskar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma lafiya, sai idon Baba da ke ƙara dushewa, kuma likita ya ce ba ya dawowa.

Gilashin da ka aiko ya iso, amma fisabilillahi, Yaya, na karatun jarida ka sayo! Na ce maka na duba fim ɗin hotunan da Baba ya tara tun yana da shagon ɗaukar hoto. Tun da ruwa ya cinye albam ɗinmu ba mu da hoton Inna ko ɗaya, ga Baba kullum yana cewa fuskarta na ɓace masa. Gwangwani kan gwangwani na fim, kan kowane mutum a ciki bai fi ƙwayar wake ba, gilashinka kuwa tsakiya kawai yake nunawa.

Na je kanti, mai kantin ya cika ni da surutu, ya liƙa mini mai ƙara girma sau goma. Ban ga komai ba sai ɗige-ɗige kamar yashi. Na aro na mai gyaran agogo, sai na kusa manna hanci, har na karce fim guda. Ranar kuka na yi, wallahi. Kai kana can, ni ce da ciwon wuya.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin matarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na mayar wa mai kantin gilashinsa, na karɓo mai sau huɗu, mai gindi da ake ɗorawa a kan fim. Da shi ake ganin hoto ɗungurungum. Sai wata sabuwa: a fim baƙi fari ne, fari baƙi. Kowa fuska fara fat, haƙora baƙi ƙirin. Ni da ban san Inna ba, ta rasu tun ina ƙarama, yaya zan gane ta a haka?

Akwai wata da na yi ta turewa gefe ina tsaki, don na ɗauka ni ce: goshina, wushiryata, har karkata kai. Jiya na lura da jariri a cinyarta mai kunnuwa fato-fato. Duk gidan nan wa ke da su in ba kai ba?

Da gudu na kai wa Baba bakin taga, na ɗora masa gilashin. Ya daɗe yana dubawa, ya sauya ido, ya goge, ya sake. Daga ƙarshe ya ce haske kawai yake gani. Na makara, Yaya. Don haushi na gaya masa yadda na yi ta wuce ta ina zaton ni ce.

Sai ya ajiye gilashin, ya ce in matso. Ya shafa goshina da kumatuna da hannu biyu, a hankali. Da safen nan ya ce in rufe gwangwanayen, ya gan ta.

Ka zo ka ga Baba tun yana iya ganin ka.

Ƙanwarka,
Auta