Tabarmar da ta kalli yamma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kawo miki ƙarar ɗanki, Yaya Sani, tunda duk Djougou ke kaɗai yake jin maganarki.

Ciwonki ya same ni, Inna. Bara, a kasuwar Parakou, ina ƙirga wa wata mata goro, ƙirjina ya hau bugawa, na ga ƙasa na juyawa. Likita ya ce zuciya ce da hawan jini, abin da muke ce wa tansiyo a nan. Ya ba ni ƙwayoyi, ya rage mini gishiri, ya hana ni goro. Ki ji fa, jikar fataken Gwanja ce aka hana goro.

Ban manta yadda naki ya yi ba. Shekarun nan ne bayan an sauke tutar Faransa. Kina zaune a zaure kina sauya wa goro ganye, sai ki tsaya ki dafe ƙirji, in kika ji tafiyar mutum ki yi maza ki sauke hannu. Kin sha gaya mana: "Mace ba ta haki a gaban mutane." Haka kika yi ta ɓoyewa har ranar da muka same ki da hantsi, jingine da huhun goro, ba ki kira kowa ba. Aka yi ta yabon haƙurinki. Ni har yau haushin yabon nan nake ji.

Wata Ba'indiya, matar mai kantin atamfa kusa da tashar jirgin ƙasa, ta gan ni ina haki a bakin kanti. Ita ta koya mini abin da suke kira yoga. In zauna in miƙe baya, in ja iska ta hanci har ciki ya cika, in sake ta a hankali, sannan in miƙa gaɓoɓi. Na tambaye ta ko akwai bauta a ciki, ta ce in ɗauki numfashin in bar mata sauran. Likita ya ce in ci gaba, amma kada in kuskura in bar ƙwaya. Yanzu ina zuwa har unguwar Banikanni a ƙafa ban nemi inuwa ba, awon jinina kuma ya sauka har likitan ya yi murmushi.

To ga inda rigimar take. Don kada wani ya ɗauka salla nake, ban taɓa yi a kan buzun sallata ba. Tsohuwar tabarma na samu, na kuma juya na fuskanci yamma. Ashe wata maƙwabciyata a unguwarmu ta Ganou tana leƙena ta zana. Kafin mako ya zagayo labari ya hau mota ya isa Djougou, wai Rabi ta ƙirƙiro sabuwar salla, tana ba alƙibla baya.

Yaya Sani bai tambayi jikina ba. Wani direba ya aiko mini, ya ce in daina. Na aika masa cewa sallata biyar na nan inda kika koya mini ita. Shekaranjiya kuma saƙo ya sake zuwa: in na mutu a haka, ba zai yi mini salla ba, ba kuma za a kai ni kusa da ke ba.

Wannan ta yi mini zafi, Inna, har na yi kuka. Ina son in kwanta kusa da ke. Amma ina da 'ya'ya mata ƙanana, kuma na san yadda gida yake komawa in an fita da uwa. Ba zan daina ba. Ajali na hannun Allah, na sani, amma ba zan tarye shi a hanya don a yabe ni ba. Na ce wa direban ya gaya wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, ina iya ƙoƙarina kada in ba shi wannan aikin kwana kusa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya sanyaya zuciyar ɗanki. Ni kuma Ya bar mini tawa tana bugawa har in ga yaran nan sun tsaya da ƙafafunsu.

Taki mai kewarki,
Rabi